Kwana Uku a Istanbul: Yadda Ake Raba Lokaci Tsakanin Tarihi, Abinci da Abin Sha

Wanda yake da kwana uku kacal a Istanbul, birnin da tsofaffin littattafanmu suke kira Santambul, jari iri uku zai kashe, kuma kuɗi ne mafi sauƙin lissafi a cikinsu. Sauran biyun su ne ƙafa da ciki. Ƙafa tana gajiya da wuri, domin a kan tuddai aka gina tsohon birnin, lungunansa kuma shimfiɗe suke da duwatsu. Ciki shi ma yana da iyaka, alhali kusan a kowace kwana akwai mai tanda ko mai tukunya da ƙamshinsa zai tsayar da kai. Yawancin waɗanda suke komawa gida da takaici sun ƙarar da ƙafarsu ne tun rana ta farko wajen ƙoƙarin ganin komai, ko kuma sun cika ciki da faranti guda da azahar, suka wuni suna wuce abubuwan da suka zo ɗanɗanawa babu sauran wurin zubawa. Tsarin da zan shimfiɗa a nan ya ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: kowace rana yanki guda na birnin, babban wurin tarihi da safe, sannan ci da sha kaɗan-kaɗan a kan hanya har dare.

Kafin tashi

Ka duba ranakun mako kafin ka sayi tikitin jirgi, domin wannan ɗan binciken ya fi kowace dabara ceton tafiya. Fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, Rufaffiyar Kasuwa tana kulle ranar Lahadi, Fadar Dolmabahce kuma ranar Litinin, sannan ranar Juma'a ba a barin masu yawon kallo su shiga manyan masallatai sai bayan an sauko daga salla. Saboda haka Laraba zuwa Juma'a, ko Alhamis zuwa Asabar, su ne ranakun da suka fi dacewa. Watannin Afrilu da Mayu da Satumba da Oktoba sun fi daɗin tafiya a ƙasa, amma wanda abin sha ne ya fi jan hankalinsa ya sani cewa biyu daga cikin fitattun abubuwan shan birnin, boza da salep, na lokacin sanyi ne. Sharuɗɗan biza sun danganta ga fasfon da kake riƙe da shi, don haka ka tabbatar da su daga hukumomin Turkiyya tun da sauran makonni. Kuɗin ƙasar lira ne, kuma farashi yana saurin canzawa, saboda haka kasafin da za ka dogara da shi shi ne wanda ka yi a makon tafiyar.

Birnin yana da manyan filayen jirgin sama biyu, ɗaya a ɓangaren Turai, ɗaya kuma, Sabiha Gokcen, a ɓangaren Asiya, kuma kowannensu yana da nisa sosai daga tsakiyar gari. Ka san wanda za ka sauka da wanda za ka tashi, ka ware lokaci mai yalwa domin cunkoso. Masauki kuma ka neme shi a Sultanahmet ko Sirkeci ko Karakoy, inda taragon cikin gari mai lamba T1 yake bi, domin wannan layin shi ne igiyar da ta ɗaure kusan duk wuraren da za a ambata a nan. Da isarka ka sayi katin sufuri na Istanbulkart ka zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga tarago da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin ruwa. Ka zo da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, mai sauƙin cirewa, tun da za ka cire shi sau da yawa a ƙofofin masallatai, mata kuma su riƙe mayafi a jaka.

Akwai wani ɗan sauƙi da mai karanta Hausa yake samu wajen karanta allunan titi. Harafin c mai wutsiya a rubutun Turkanci daidai yake da c ɗinmu, shi ya sa sunan shayi a wurinsu, cay, ba zai ba ka wahala ba. Amma c marar wutsiya j ne, don haka kalmar da za ka gani a jikin kowane masallaci, cami, jami ake furta ta. Harafin s mai wutsiya kuwa sh ne. A nan na rubuta sunaye yadda suke fita a baki.

Rana ta farko: Sultanahmet

Ka kasance a ƙofar Fadar Topkapi kafin ƙarfe tara, domin da sanyin safiya ake kama fara, kuma da hantsi ya yi motocin masu yawon buɗe ido za su fara juye ayari bayan ayari. Sultan Muhammad Fatih ne ya fara gina fadar a 1459, 'yan shekaru bayan ya ci birnin a 1453, kuma daga nan sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka yi mulki har zuwa 1856 lokacin da suka koma Dolmabahce. Ba gini guda ba ne mai hawa-hawa, farfajiyoyi huɗu ne a jere, kowace ta fi wadda ta gabace ta keɓewa, kuma wanda ya fahimci wannan tsarin ba zai ɓata ba.

Shawarata ita ce ka wuce kai tsaye zuwa farfajiya ta uku, inda ɗakin Amanoni Masu Tsarki yake, tun layinsa bai yi tsawo ba. A nan aka adana kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, irin su mayafi da takubba da baka, tare da tsofaffin makullan Ka'aba, kuma da yawa daga cikinsu sun zo birnin ne bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba yankewa, ba a ɗaukar hoto, kuma yawancin masu shiga sukan sassauta murya da kansu. Bayan nan ka ƙarasa farfajiya ta huɗu ka tsaya a bakin baranda, inda za ka hangi wurin da mashigin Bosforus da tekun Marmara da ruwan Halic, wato lungun tekun da ya kutsa cikin birnin, suka haɗu. Minti biyar a wannan wurin za su koya maka fasalin birnin fiye da kowace taswira, kuma duk sauran yawon da za ka yi zai zauna maka daidai a kai.

Sai a kan hanyar fita ka shiga madafan fada da suke gefen farfajiya ta biyu, waɗanda dogayen bututun hayaƙinsu suke jere ana hangen su tun daga teku. Mutane da yawa sukan wuce su, amma ga wanda ya zo domin abinci nan ne mafarin labarin. A cikinsu ake dafa wa dubban mutane abinci kullum, kuma akwai sashe na musamman, helvahane, da aikinsa kawai haɗa kayan zaƙi da sherbet, wato abin sha mai zaƙi. Manyan tukwanen tagulla da tarin tangaran ɗin Sin da za ka gani sun nuna cewa ƙwarewar da za ka tarar a titi gobe, inda kowane shago ya riƙe abu guda ya gwanance a kai, tsohuwar al'ada ce.

Da azahar ka ci kofte, wato curin niƙaƙƙen nama da aka gasa a garwashi, tare da piyaz, kwaɗon farin wake da albasa da man zaitun. A kan titin Divanyolu, daidai inda taragon yake tsayawa, akwai gidan kofte da yake aiki tun 1920. Ka haɗa da ayran, wanda kindirmo ne da aka dama da ruwa da ɗan gishiri, kuma shi ne abokin nama a duk faɗin ƙasar. Faranti guda ya isa, kada ka ƙara.

Tsakiyar rana, lokacin da zafi da cunkoso suka fi yawa, ta dace da Yerebatan, ma'adanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da sarkin Rumawa Justiniyan ya sa aka gina a ƙarni na shida. Ginshiƙai 336 ne na marmara, sahu goma sha biyu, suna tsaye cikin ruwa da duhu da sanyi, kuma a can ƙurya za ka ga biyu da aka ɗora a kan sassaƙaƙƙun kawunan dutse, ɗaya a kife, ɗaya a kwance. Rabin sa'a ya ishe ka.

Ayasofiya tana tsallaken titi. An kammala ta a 537 cikin ƙasa da shekara shida, ta yi kusan shekara ɗari tara tana babbar majami'ar Rumawan Gabas, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban farko na Jamhuriyar Turkiyya, sannan ta koma masallaci a 2020. Tun 2024 an raba hanya: masu salla suna shiga ƙasa ba tare da biya ba, masu yawon kallo daga ƙasashen waje kuma suna yankar tikiti su hau bene. Kowace hanya da abin da take ba ka. A ƙasa za ka tsaya ƙarƙashin ƙubbar da tsayinta ya haura mita hamsin, ka lura da yadda mihrabi ya ɗan karkace daga tsakiyar ginin domin ya fuskanci alƙibla, ka ɗaga kai ka karanta manyan fayafayai takwas masu sunan Allah da na Annabi (SAW) da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini. A bene kuma akwai zane-zanen ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya da suka saura daga zamanin majami'a. Wanda yake da hali ya yi duka biyun, ko da zai raba su tsakanin rana biyu.

Filin da ke gaban Masallacin Sultan Ahmed shi ne tsohon fagen sukuwar Rumawa, kuma dogon dutsen da ke tsakiyarsa ya girmi duk abin da ka gani yau, domin na Fir'auna Tutmos na Uku ne, aka ɗauko shi daga Masar aka kafa a nan a shekara ta 390. Masallacin kansa, mai hasumiya shida, an fara gina shi a 1609, kuma tayil sama da dubu ashirin na garin Iznik ne suka lulluɓe cikinsa. Ka bar shi sai magariba, ko ma asubar gobe idan masaukinka yana kusa, domin a lokacin ne ake ganin sa a matsayin wurin ibada ba tare da turereniya ba.

Rana ta biyu: daga kan tudu zuwa bakin ruwa

Wannan ita ce ranar ɗanɗano, kuma sirrinta shi ne a fara daga sama a gangaro. Wanda ya fara daga bakin ruwa a Eminonu zai wuni yana hawan tudu da cikakken ciki. Ka yi karin kumallo marar nauyi, simit guda, wato burodin nan mai siffar zobe da aka barbaɗe da riɗi, da shayi, sannan ka hau tarago ka sauka a Beyazit.

Rufaffiyar Kasuwa, Kapali Carshi, ta samo asali tun zamanin Fatih, kuma yau tana da shaguna kusan dubu huɗu a tituna fiye da sittin ƙarƙashin rufi. Ba za ka gama ta ba, don haka ka ba ta sa'a ɗaya, ka ratsa ta daga ƙofa zuwa ƙofa. Abin da ya fi cancantar kallo a wurina shi ne masu kai shayi. Za ka ga saurayi riƙe da tire mai marataya uku yana ratsa cunkoso cikin sauri, ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu suna jere a kai, kuma ko ɗigo ba ya zuba. Idan mai shago ya miƙa maka shayi, ikram ne, wato karramawa, kuma karɓarsa bai wajabta maka saye ba. A gabar Baƙin Teku, wajen Rize, ake noma ganyen, ana dafa shi a buta mai hawa biyu, ta sama da ganye mai ƙarfi, ta ƙasa da tafasasshen ruwa, sai a haɗa gwargwadon yadda mai sha yake so. Idan kana son mai ƙarfi ka ce demli, idan kana son mai sauƙi ka ce acik. Ba a zuba madara, kuma a baki ake riƙe kofin domin cikinsa yana da zafi. Ka nemi kowanne sau ɗaya cikin wunin domin ka ji bambancin.

Daga kasuwar tafiyar minti goma ce zuwa Masallacin Sulaimaniyya, wanda babban magini Mimar Sinan ya gina wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Idan aka ce in zaɓi masallaci guda a birnin, shi zan zaɓa. Ba shi da cunkoson Sultanahmet, haske yana shiga cikinsa ta ko'ina, kuma daga harabarsa ta baya ana hangen Halic da hasumiyar Galata da jiragen ruwa suna kai da kawowa. Sinan bai tsaya ga masallaci kaɗai ba, ya kewaye shi da makarantu da asibiti da wurin wanka da madafin ciyar da mabuƙata, kuma kabarin Sulaiman da na matarsa Hurrem suna cikin lambun. Kabarin maginin kansa yana wata kusurwa a wajen katanga, ɗan ƙarami, kuma ya cancanci a nemo shi.

A titin da ke fuskantar masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka shahara da abu guda, kuru fasulye, farin wake da aka daɗe ana dafawa da man shanu da tumatir har ya yi laushi bai farfashe ba, ana ci da shinkafa da ɗan busasshen barkono. Idan ku biyu ne ku raba faranti ɗaya, domin akwai sauran tafiya a gaba.

Minti kaɗan daga nan, a unguwar Vefa, akwai shagon boza da aka buɗe a 1876. Dokin ƙofarsa na marmara ya lotsa a tsakiya saboda sawun mutane, kuma a ciki za ka tarar da kofuna an riga an cika su an jera a kan kanta. Boza abin sha ne mai kauri, launinsa rawaya-rawaya, da ake yi da gero a bar shi ya ɗan yi tsami, ɗanɗanonsa yana tsakanin zaƙi da tsami. Yadda mutanen wurin suke yi shi ne su tsallaka titi su sayo leblebi, wani gasasshen wake mai ƙaras-ƙaras, su zuba a saman kofin bayan an barbaɗa kirfa, sannan su ƙarasa da cokali. Ya kamata ka san cewa tsamin da boza take yi yakan haifar da ɗan abin barasa ƙalilan, kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Mutanen birnin suna ɗaukar ta abin shan iyali, amma gara ka sani ka yanke wa kanka hukunci. Haka nan kamfanonin da suke shirya yawon ɗanɗano sukan haɗa da raki, barasar ƙasar, ko giyar inabi, don haka wanda ba ya sha ya faɗa tun lokacin rajista. Kalmar alkolsuz tana nufin marar barasa, kuma babu wanda zai yi mamakin jin ta.

Yanzu sai gangara ta lungunan Tahtakale, inda 'yan gari suke sayen tukwane da ludayi da kwanduna. A wannan unguwar aka buɗe gidajen shan gahawa na farko a birnin a tsakiyar ƙarni na 16. Kafin ka fita daga cikinta ka nemi Masallacin Rustem Pasha, wanda shi ma aikin Sinan ne. A saman shaguna aka ɗora shi, ta wata ƙaramar matakala mai duhu ake hawa, har mutum zai iya wuce ƙofar sau biyu bai gan ta ba, amma a ciki tayil ɗin Iznik suna kusa da ido, ana ganin furannin da ke jikinsu da jan launin nan mai ɗan tudu da aka san su da shi.

Daga nan hanci zai yi maka jagora. A bakin ƙofar Kasuwar Masar, Misir Carshisi, wadda aka gina a shekarun 1660 a matsayin ɓangare na Sabon Masallaci, akwai shagon Kurukahveci Mehmet Efendi da yake niƙa gahawa tun 1871, kuma kusan kullum da layi a tagarsa. Ka sayi ƙulli, sannan ka zauna a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen gahawa da ke kusa ka sha wadda aka dafa. Gahawar Turkiyya, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2013, ana niƙa ta ne ta yi laushi kamar gari, a zuba ta da ruwan sanyi a wani ɗan tukunya mai dogon mariƙi da ake kira jezve, a ɗora a wuta marar ƙarfi har kumfa ta taso. Tare da sukari ake dafa ta, saboda haka tun wajen oda za ka faɗi yadda kake so: sade babu sukari, orta tsaka-tsaki, shekerli mai zaƙi. Za a kawo maka da kofin ruwa da ɗan yankin lokum. Ka fara kurɓar ruwan domin wanke baki, ka ba kofin minti ɗaya garin ya kwanta, kada ka juya da cokali, kuma ka tsaya da zarar ka ji tsaki a harshe. Kumfar da ke sama ita ce shaidar gwanintar mai dafawa. A karon farko orta ta fi dacewa, domin ita ce take barin ɗacin da ƙamshin su fito tare.

Cikin Kasuwar Masar akwai kyan kallo, amma sayayya ta fi sauƙi a shagunan da ke jikin bangonta ta waje, inda 'yan gari suke sayen cuku da zaitun da busassun 'ya'yan itace. Ana ba da ɗanɗano kafin saye, kuma ka faɗi nauyin da kake so da giram kafin a fara awo. Lokum kuwa, alewar nan mai laushi ta sitaci da sukari, ka taka zuwa shagon Haji Bekir da ke kusa, wanda tarihinsa ya koma 1777, ka gwada mai ruwan wardi da mai fistashiyo, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa.

Idan akwai sauran wuri da magariba, balik ekmek yana jiran ka a bakin ruwa: gasasshen kifi cikin burodi da albasa da ganye, ana ci a tsaye ko a kan ɗan kujera, ana kallon masu kamun kifi a kan gadar Galata. A nan zan ja kunne a kan abu ɗaya. A zuwana na farko na zauna a wani gidan abinci na bakin ruwa, aka kawo tiren ɗanyen kifi na nuna ɗaya ban tambayi kuɗinsa ba, sai da aka kawo lissafi na gane da nauyi ake sayarwa, kuma abin da na biya ya kai kuɗin abincin wuni biyu. Duk inda ba a rubuta farashi ba, ka tambaya kafin a ɗora a wuta, haka ma ƙananan farantan da za a jera maka ba ka nema ba.

Rana ta uku: tsallaka ruwa

Ƙafa ta gaji yanzu, don haka yau jirgin ruwa ne zai yi mafi yawan aikin. Wanda yake son ziyara ya fara da Eyub Sultan da sassafe, a can ƙarshen Halic, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, ya kuma rasu a yaƙin da Musulmi suka kawo wa wannan birni. Idan ranar ta kama Juma'a ka je da wuri ƙwarai, domin harabar tana cika. Bayan nan ne ya dace ka zauna ka yi cikakken karin kumallon Turkawa, kahvalti, da cuku iri-iri da zaitun da tumatir da kokwamba, da menemen, wato ƙwai da aka soya cikin tumatir da tattasai, da kuma kaymak, maiƙon madara mai kauri da ake ci da zuma. Shi zai riƙe ka har la'asar.

Daga Eminonu ko Karakoy ka shiga jirgin Kadikoy da katinka. Tafiyar ba ta wuce minti ashirin da 'yan kai ba, amma tana ɗauke ka daga Turai zuwa Asiya, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ka zauna a bencin waje ta baya. Ana sayar da shayi a cikin jirgin, kuma za ka ga yara suna gutsura simit suna cillawa sama, tsuntsayen teku suna cafkewa kafin ya taɓa ruwa, yayin da Topkapi da Ayasofiya da hasumiyoyin Sultan Ahmed suke ja da baya a jere.

Kasuwar Kadikoy tana daf da tashar jirgin, kuma nan ne wurin gwada abubuwan sha masu tsami. A shagunan turshu, inda kwalaben kayan lambu da aka jiƙa a ruwan gishiri suke jere har rufi, ana sayar da ruwan jiƙon a kofi, mai yaji ko marar yaji. Akwai kuma shalgam, abin shan yankin Adana, ja wur, mai gishiri da tsami, da ake yi da baƙin karas. Ba kowane harshe yake karɓar su a kurɓar farko ba, saboda haka ka nemi ƙaramin kofi, kuma ka haɗa shalgam da lahmajun, siririn burodi mai shafen nama da ake matsa wa lemun tsami a naɗe. Idan lokacin zafi ne ka wanke baki da sherbet ɗin tsamiya ko ruwan rumman da aka matse a gabanka. Idan lokacin sanyi ne ka nemi salep, madara mai zafi da kauri da ake haɗawa da garin saiwar wani furen daji a barbaɗa kirfa. Abincin rana na gaske, idan kana buƙata, yana esnaf lokantasi, gidajen abincin ma'aikata da 'yan kasuwa, inda tukwane suke jere bayan gilashi kana nunawa da yatsa ana zuba maka.

Hasumiyar Galata, wadda mutanen Jenowa ta Italiya suka gina a 1348, layinta yakan ci fiye da abin da ta ba ka, tun da ka riga ka hangi birnin daga Sulaimaniyya da kuma kan ruwa. Dolmabahce da tsohuwar ganuwar birni da Masallacin Kariye kowannensu yana son rabin wuni nasa, don haka a bar su sai wani zuwan.

Ka duba lokacin faɗuwar rana ka shiga jirgin dawowa minti talatin kafin nan, ka zaɓi mai zuwa Karakoy. Idan ka sauka, shagon Gulluoglu yana kusa, kuma baklavarsa, wani kayan zaƙi na siraran fallayen ƙullu da aka jiƙa da ruwan sukari, ita ce za ta rufe tafiyar. Ka nemi mai fistashiyon Gaziantep, yanka biyu, da shayi marar sukari. Masu sana'ar sukan ba da shawarar a kifa yankan kafin a kai baki, domin gindin mai ruwan sukari ya fara taɓa ganɗa, kuma baklava mai kyau tana yin ƙara siririya idan cokali mai yatsu ya shige ta. Wadda za ka kai wa iyali tsaraba ka ce a ba ka kuru baklava, busasshiya mai ƙarancin ruwan sukari, domin ita ce take jure doguwar tafiya, ka sa ta a jakar hannu tare da ƙullin gahawar da ka sayo jiya.